Abin da Ɓera Ya Koya Mana Game da Tsargiya, Tsutsar Ciki da Garkuwar Jikin Yaranmu

Jawabi ga taron 'yan kasuwa da iyalansu na garuruwan kan iyakar Nijeriya da Nijar

Ranka ya daɗe Sarkin Kasuwa, shugabannin ƙungiyoyin fatake da dillalai, malamai, iyayenmu maza da iyayenmu mata, 'yan'uwa da kuka tsallako daga Nijar da waɗanda kuka taho daga Nijeriya, barkanku da zuwa. Na san abin da ake nufi da ɗan kasuwa ya bar rumfarsa ranar da kasuwa ke ci, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Maganata a yau kan ɓera ce. Na ga masu sayar da hatsi sun ɓata rai, kuma suna da hujja. To amma akwai wani ɓera da ake kiwo a ɗakunan bincike na jami'o'i, ana ba shi abinci a kan lokaci, an san uwarsa da ubansa da kakanninsa. Da shi ne masana suka gano yawancin abin da aka sani game da yadda tsutsar ciki da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro ke juya garkuwar jikin mai ɗauke da su. Dalili kuwa, jinin ɓera yana da irin ƙwayoyin tsaro da jininmu ke da su, kuma abin da ba ya halatta a gwada a kan ɗan Adam ana iya gwada shi a kan ɓera.

Manomi ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ba ya neman abincinsa a ƙasa kamar sauran ciyayi, sai ya manne wa saiwar gero ko dawa ya yi ta tsotsa. Geron ba ya mutuwa nan take, amma ba ya yin zangarniyar kirki. Halittun da muke magana a kansu ci-ma-zaune ne irin wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 1.5 ke ɗauke da tsutsotsin ciki da ake kamuwa da su ta ƙasa, kuma fiye da mutum miliyan 250 ne suka buƙaci maganin tsargiya a 2021. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu tsargiya a duniya. A Nijar ma tana nan a bakin Kwara da tafkuna da wuraren noman rani. Katantanwar da ke raino ta ba ta san inda shingen kwastan yake ba.

Garkuwar jiki, wadda muke ji ana ambata a rediyo, ba abu ɗaya ba ce. Jama'a ce mai yawa ta fararen ƙwayoyin jini, kowace da aikinta, kamar yadda kasuwa ke da masu gadi da masu shara da masu sasanta rikici. A 1986 wasu masana biyu a Kalifoniya ta Amurka, Tim Mosmann da Robert Coffman, suka nuna a jikin ɓeraye cewa ƙwayoyin da ke ba sauran umarni sun kasu gida biyu. Suka sa musu suna Th1 da Th2, mu kuma bari mu ce runduna ta ɗaya da runduna ta biyu. Ta ɗaya ita ke yaƙar ƙananan ƙwayoyin cuta masu ɓuya a cikin ƙwayoyin jiki, irin na tarin fuka. Makaminta zafi ne da ƙuna. Ta biyu ita ke fuskantar tsutsa, wadda ta fi ƙarfin a haɗiye ta. Dabararta ita ce ta sa hanji ya zubo da majina da ruwa, ya yi ta murɗawa har tsutsar ta suɓuce ta fita, sannan ta ɗinke raunin da aka bari. Abin lura shi ne, rundunonin nan biyu kishiyoyin juna ne. Idan ɗaya ta samu fada, sai ta danne ɗayar.

Gwajin da ya fi fito da wannan fili an yi shi ne da ƙwayar da ke haddasa wani gyambon fata mai wuyar warkewa, wanda cizon wani ɗan mitsitsin ƙwaro ke kawowa. Likitoci na kiran ta Leshmaniya, kuma ana samun ta a nan Sahel. Aka ɗauko ɓeraye iri biyu, wani baƙi wani fari, aka sa musu ƙwayar iri ɗaya a tafin ƙafa. Baƙin ya tayar da runduna ta ɗaya, ƙafar ta kumbura na 'yan makonni ta warke. Farin ya tayar da runduna ta biyu, gyambon ya yi ta ci, cutar ta bazu cikin jikinsa har ta kashe shi. Da aka toshe saƙon da ke kiran runduna ta biyu tun a farkon kamuwa, sai farin ɓeran ma ya warke. Ashe jiki na iya faɗuwa saboda ya aika rundunar da ba ta dace da abokin gāba ba, ko da yana da dakaru jingim.

Yanzu mu zo ga tsargiya, don ita ce ta fi shafar mu, kuma a kanta zan fi daɗewa. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya fara ganin tsutsarta a Alƙahira a 1851. Yaro ya shiga kududdufi ko magudanar ruwan noman rani, 'ya'yan tsutsar da suka fito daga katantanwa su huda fatarsa ba tare da ya ji komai ba sai ɗan ƙaiƙayi. Su girma a jijiyoyin jini, namiji ya rungume mace, su zauna shekara da shekaru. Ku yi tunani: suna zaune ne a cikin jini, wato tsakiyar barikin dakarun jiki. Ta yaya suke tsira?

Masu bincike a London sun samu wani ɓangare na amsar a ƙarshen shekarun 1960. Suka ciro tsutsotsin da suka girma a jikin ɓera suka dasa su a jikin biri, suka rayu lafiya. Amma idan an riga an koya wa jikin birin ya yaƙi jinin ɓera, sai ya kashe tsutsotsin, domin a wurinsa su ɓera ne. Ma'ana, tsutsar tana ɗibar alamomin jikin maigidanta ta lulluɓe kanta da su. Ɓarawo ne da ya sa rigar ɗan gida.

Ita tsutsar kanta ba ta cika ɓarna ba. Ƙwanta ne masifar. Macen irin da ke kama hanji da hanta na zuba ƙwai wajen 300 a kowace rana. A jikin ɓera, makonni huɗu zuwa biyar na farko runduna ta ɗaya ce ke aiki. Da zarar ƙwai sun fara zuba, kamar yadda Edward Pearce da Alan Sher da abokan aikinsu suka nuna a 1991, sai runduna ta ɗaya ta yi sanyi, ta biyu ta karɓe ragama. Ƙwayoyinta su kewaye kowane ƙwai da ya maƙale a hanta, su gina masa katanga. Wannan katanga rahama ce, saboda ƙwan na tsatso da dafi, kuma ɓerayen da ba su iya gina ta ba hantarsu lalacewa take yi su mutu da wuri. Amma kowace katanga tabo take bari. Ƙwai dubbai, shekara bayan shekara, hanta ta cika da tabo ta ƙandare, jini ya kasa ratsa ta, saifa ta kumbura, ciki ya tara ruwa, wata rana a wayi gari magidanci yana aman jini. Duk wanda ya zauna kusa da madatsar ruwa ya taɓa ganin irin wannan mara lafiya, kuma sau da yawa sai a ce sammu ne.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Ƙwan ba shi da ƙafa, amma dole ya ratsa bangon hanji ya faɗa cikin bayan gida kafin ya koma ruwa. An lura cewa ɓeran da aka raunana wa ƙwayoyin umarni ba ya fitar da ƙwai sosai. Wato kumburin da jiki ke yi don ya yaƙi ƙwan, shi ne ke tura shi waje. Tsutsar ta mayar da mai gadi ɗan dako. An ga alamar haka a mutane ma: a Kisumu ta Kenya, cikin masu wankin mota a bakin Tafkin Biktoriya, waɗanda cuta mai karya garkuwar jiki ta rage wa waɗannan ƙwayoyi sun fi fitar da ƙwai kaɗan.

A nan ina da ƙorafi. Kusan duk wannan aiki an yi shi ne a kan tsargiyar hanji, saboda ita ce ke kama ɓera cikin sauƙi. Tamu ta fitsarin jini, wadda ta fi yawa a ƙasar Hausa, ba ta zama a mafitsarar ɓera, don haka aka bar ta a baya shekaru da yawa. Sai a 2012 wasu masana a Jami'ar Stanford suka yi dabarar sa ƙwan kai tsaye a bangon mafitsarar ɓera da allura. Suka ga abin da likitocinmu suka daɗe suna gani: jini a fitsari, kumburi, da tabo. A jikin mutum wannan tabo na iya toshe hanyar fitsari ya lalata ƙoda, yana kuma jawo sankarar mafitsara. A jikin mace ƙwan na maƙalewa a al'aura da bakin mahaifa, ya kawo ciwon mara da zubar jini, wani lokaci har da rashin haihuwa, a yi ta ba ta maganin sanyi ba a dace ba. Iyayenmu mata, wannan taku ce. Ku kuma iyaye maza, har yanzu akwai garuruwan da ake ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya balaga. Ba balaga ba ce. Ƙwan tsutsa ne ke yaga masa mafitsara.

Tsutsar hanji kuma tata hikimar daban ce. A jiki akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu rabon faɗa ne. Idan yaƙi ya ƙare, su ke cewa kowa ya mayar da takobi kube, don kada dakaru su juyo kan gari. Akwai saƙo na musamman da jiki ke aikawa don ya ƙara yawansu. Rick Maizels da mutanensa a Sikotland sun yi shekaru suna nazarin wata 'yar tsutsa mai zama a hanjin ɓera, suka ga tana ƙara yawan masu rabon faɗan nan. A 2017 suka bayyana yadda take yi: tana haɗa wani sinadari nata na kanta wanda ƙirarsa ta bambanta da saƙon jiki, amma yana buɗe ƙofar da saƙon jiki ke buɗewa. Ku da kuke tsallaka iyaka kun san sunan wannan. Takardar jabu ce mai hatimin ofis, mai gadi ya duba ya sara ya buɗe shinge.

To idan an ce wa dakaru su kwanta, ba tsutsa kaɗai ke shigewa ba. A Jami'ar McGill ta Kanada an sa wa ɓeraye masu wannan tsutsa zazzaɓin sauro na ɓeraye, sai cutar ta fi yi musu tsanani fiye da marasa tsutsa. Aka yi musu allurar rigakafin zazzaɓin ta gwaji, ba ta kare su yadda ta kare sauran ba. Da aka ba su maganin tsutsa kafin allurar, sai ta yi aiki. Da aka ba su bayan allurar, bai gyara komai ba. Wani masani ɗan Habasha, Daniel Elias, ya ga makamancin haka a 2005: allurar tarin fuka ta BCG, wadda ake yi wa jariranmu a dantse, ba ta kare ɓeraye masu tsargiya kamar yadda ta kare lafiyayyu ba.

Wani ɓangare na wannan labari daga ƙasarmu ya taso. Wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, yana aiki a asibitin koyarwa na Ibadan a shekarun 1960, ya lura cewa cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta ci maigidanta, irin wani ciwon gaɓoɓi da ya yawaita a Turai, ba su cika zuwa asibitin ba. Ya yi zargin zazzaɓin sauro ne ke danne su. A 1970 shi da abokan aikinsa suka gwada da wani irin ɓera da ake haifa da wannan lalura, suka sa masa zazzaɓin sauro, sai lalurar ta lafa. Daga nan ya koma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya yi shekara goma. A can ya duba ɗaya fuskar al'amarin. A 1978 aka wallafa abin da suka gani a jikin yara masu zazzaɓin sauro da aka yi wa allurar taifod da ta sanƙarau: jikinsu bai amsa alluran yadda ya kamata ba. Amsar ta taifod ta dawo da wuri bayan an sha magani, amma ta sanƙarau har bayan wata guda ba ta koma daidai ba. Mu da muke zaune a yankin sanƙarau, waɗanda ba mu manta da annobar 1996 ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Likitocin yara sun daɗe da sanin cewa yaron da ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani yakan sake kwantawa da wata cuta a jini, dangin ƙwayar taifod. Ɓera ne ya bayyana dalili. A 2012 Aubrey Cunnington da Eleanor Riley a London suka nuna cewa idan zazzaɓi ya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, abin da ke zubowa daga cikinsu guba ne, sai jiki ya tashi tsaye wajen kawar da shi. A cikin wannan hali ɓargo yakan saki sababbin dakaru tun ba su nuna ba. Suna iya haɗiye ƙwayar cuta amma ba su iya ƙona ta, sai ta zauna a cikinsu ta hayayyafa. Da aka auna jinin yara a Gambiya, aka ga wannan rauni na iya kaiwa mako 8 bayan zazzaɓin ya sauka. Saboda haka, uwa, idan ɗanki ya sha maganin zazzaɓi ya miƙe, bayan mako biyu ko uku jikinsa ya sake zafi, kada ki ce ragowar na da ne ki sayo masa ƙwaya a tire. Ki mayar da shi asibiti, ko likita kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar ke cewa, ki kuma gaya wa ma'aikaci cewa kwanan nan ya yi zazzaɓi.

Wani zai ce, tunda tsutsa na kwantar da garkuwa, ai tana da amfani ga mai asma da mai ƙaiƙayin fata. Akwai ƙamshin gaskiya. Ɓeraye masu tsutsar hanji ba su cika kamuwa da irin asmar da ake jawo musu ba, kuma a Lambarene ta Gabon an ga yara masu tsargiya fatarsu ba ta cika tashi ba idan an gwada su da ƙurar ɗaki. Har an kai ga ba marasa lafiya a Turai da Amurka ƙwan tsutsar alade su sha don ciwon kumburin hanji. Manyan gwaje-gwajen ba su nuna ya fi maganin banza ba. Abin da masana ke nema yanzu shi ne su kwaikwayi sinadarin su yi magani da shi, su bar tsutsar. Wanda ke da abinci wadatacce da asibiti a ƙofar gida yana iya wasa da wannan tunani. Yaronmu da tsutsa mai ƙugiya ke shan jininsa, ga shi tuwo da miyar kuka ne abincinsa safe da dare, riba ɗaya ba ya ci daga gare ta. Fari yake yi, ya tsumbure, ya yi ta gyangyaɗi a aji.

Kuma ɓera ba mutum ba ne. Ɓeran ɗakin bincike a tsabtar da babu irinta yake tashi. A 2016 masana a Minesota suka nuna cewa garkuwarsa ta fi kama da ta jariri sabuwar haihuwa, sai da aka haɗa shi keji ɗaya da ɓerayen kasuwa ya kwashi cututtukansu sannan ta yi kama da ta babba. Shi ya sa ba duk abin da aka gani a keji ke fitowa daidai a gari ba. A Entebbe ta Uganda an ba mata masu ciki maganin tsutsa a wani gwaji da ya haɗa mata fiye da 2,500, aka bi jariransu, ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba a yadda suka amsa alluran rigakafi. Don haka kada wani ya fita daga nan ya ce an ce allura ba ta aiki ga mai tsutsa, ko a jinkirta ta sai an sha magani. Allurar da ta yi aiki kashi mafi yawa ta fi wadda ba a yi ba nesa ba kusa ba. Ranar da aka rubuta a katin yaro, a kai shi. Idan yana da zazzaɓi mai zafi a ranar, ma'aikacin lafiya ne zai yanke hukunci, ba maƙwabciya ba.

Idan masu rabon magani suka zo makaranta ko unguwa da sandar awon tsawo, maganin tsargiya ne suka kawo, Praziquantel, kuma da tsawon yaro ake ƙidaya ƙwayoyin da zai sha. A tabbata ya ci abinci kafin ya sha. Jiri da murɗar ciki da kan biyo baya sukan wuce cikin sa'o'i, kuma sun fi kama wanda tsutsar ta yi wa yawa. Maganin na kashe manyan tsutsotsi, ba ya kashe ƙananan da ba su girma ba, ba ya kuma hana sabon kamu, shi ya sa ake maimaita shi. Na tsutsar hanji, Albendazole, ƙwaya ɗaya ce a tauna. Mai ciki ta fara tambayar ma'aikaciyar awo kafin ta sha ko wanne. Da damina kuma, maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5 na kwana uku ne a kowane wata. Na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannun uwa suke, kuma a nan ne aka fi yin sakaci.

Matsalar da ta keɓanta da mu mutanen iyaka ita ce rabon ba ya zuwa rana ɗaya a ƙasashen biyu. Yaron da ke bin mahaifinsa daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Illela zuwa Ƙonni, ko daga Maigatari zuwa Damagaram, yana iya barin nan ana gobe za a raba, ya isa can an gama jiya. Haka almajiri, haka yaron shago, haka 'yar talla, waɗanda sunansu ba ya cikin rajistar kowace makarantar boko, alhali su suka fi shiga kududdufi. A 2013 aka tabbatar wa Nijeriya da Nijar duka cewa sun rabu da kurkunu, kuma da ɗaya ta yi sakaci da ɗayar ba ta tsira ba, domin tafki ɗaya muke sha. Roƙona ga Sarkin Kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi shi ne, duk lokacin da aka sanar da rabon magani a kowane ɓangare, a sa sanƙira ya faɗa a kasuwa ranar da take ci, kuma kowane mai rumfa ya kawo yaran da ke ƙarƙashinsa, nasa da na amana. Katin rigakafi kuma ya riƙa tafiya tare da yaro a cikin jakar da kuke sa takardun tsallaka iyaka, domin ma'aikaci a Katsina na iya karanta katin Nijar, na Maraɗi ma na iya karanta na Nijeriya.

Wanda ke da yaro mai fitsarin jini, ko mace mai irin alamun da na ambata, ma'aikatanmu na nan bayan an tashi, kuma akwai mace a cikinsu don mata.